Zanen Gado a Bangon Marsal

A garinmu, ranar Idin Jikin Almasihu, duk gidan da ke kan Titin Gada sai ya rataya zane a bango. Ta nan Fada, limamin cocinmu, yake bi da Gurasa Mai Tsarki daga coci zuwa bakin kogi, a ƙarƙashin laima mai sanda huɗu, jama'a na biye da kyandir. Masu hali su rataya darduma, irinmu kuwa farin zanen gado. Inna tana da guda biyu na lilin waɗanda ba a kwanciya a kansu, shekara-shekara ake fito da su daga akwati.

Gidan yayata Peirona yana kan titin nan, ƙofa shida ƙasa da namu, dab da gada. Shekara uku ke nan da ta auri Marsal mai ɗinkin takalma, ta bi shi cikin Furotesta, waɗanda mu Katolika muke kira Hugeno. Su ba sa rataya komai. A ranar sai su kulle tagogi su zauna a ciki suna rera Zabura har jerin ya wuce. Bara an jefi gidansu, an fasa murfin taga, an shafa kashin alade a ƙofa. Peirona ta wanke ƙofa, Marsal ya gyara taga, magana ta ƙare.

Bana kuwa tun farkon bazara fatake suke kawo labarin yanka daga garuruwan kudancin Faransa. Wani wuri mu aka yanka, wani wuri su.

Ranar Talata Inna ta aike ni wurin Bermon mahauci. Shi ne uban baftismar Peirona, Kawu muke ce masa, kuma ƙungiyarsu ta mahauta ce ke riƙe sandunan laimar Fada.

"Dalfina bebiya," ya ce. "Nuna da yatsa, na san magana tsada take miki."

Na nuna tumbi. Ya jawo yana yanka, yana magana da abokan sana'arsa, amma ni yake kallo.

"Bana duk bangon da na gani tsirara ba dutse zai sha ba. Wuta zai sha."

"Har na 'yar baftismarka?" wani ya tambaya yana dariya.

"Da hannun nan na riƙe ta a gaban Fada tana tsala kuka. Da shi zan kunna."

Ban koma gida ba, kai tsaye na wuce wurin Peirona. Marsal yana zaune a kan bencinsa da ƙusoshi a baki. Ya tofar da su a tafin hannu.

"Ga amaryata ta iso. Peirona, tattara kayanki, na samu wadda ba ta musu."

Kullum haka yake min, kullum sai na sunkuyar da kai. Ran nan dai na daure na faɗi abin da na ji. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Bermon? Tun ina yaro yake ƙone garin nan da baki. In ya ƙone ni wa zai ɗinka masa takalmi? Kin taɓa ganin ƙafarsa? Faranti ce."

"Zane ne kawai, Yaya Marsal. Rabin yini."

Peirona ce ta amsa, tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Ba zane ne kawai ba, Fina, kin sani. In na rataya na ce abin da ke wucewa Allah ne. Ni kuwa ban yarda ba. Abin da ba zan faɗa da baki ba, don me zan faɗa da bango?"

"Inna ba ta barci saboda ke."

"Ki ce mata ta yi barci. Zo ki ɗanɗana miyar nan, gishiri ya ji?"

Na ɗanɗana, na ce ya ji, na tafi. A hanyar fita na ɗaga kai. Ƙugiyoyin ƙarfe uku na mutanen da suka zauna a gidan kafin su suna nan a bango, sama da ƙofa, ba a cire ba. Sai na tuna ranar Idi tagoginsu a kulle suke wuni. Abin da ke bangonsu ta waje ba za su gani ba sai an gama.

Alhamis, ranar Idin, da asuba na buɗe akwati na ɗauki zane na biyu, wanda Peirona ta yi wa ɗinkin shuɗin fure a baki tun tana budurwa. Inna tana hura wuta. Ta dube ni, ta dubi zanen, ta juya ta ci gaba da hura wutarta.

Ba kowa a titi sai wani kare. Na taka gangar ruwan da ke gindin bangonsu na maƙala kusurwa ɗaya, na maƙala tsakiya. Iska tana tasowa daga kogi tana ɗaga ɓangare na uku, sai na cire igiyar ɗamarata na ɗaure shi a ƙugiya, ƙulli uku, na ja da haƙori. Na sauko na duba. Gidan ya yi kyau kamar na kowa. Na koma gida zuciyata wasai.

Ni ina cikin 'yan matan da ke watsa fure a gaban jerin, don haka komai a idona ya faru. Da muka fito daga coci sai na ga shugaban gari ya turo masu gadi goma sha biyu da māsu, shida a kowane gefe. Muka iso gidan Hugeno na farko, bango tsirara. Aka yi zagi, wata tsohuwa ta jefa dutse, mai gadi ya daka mata tsawa, muka wuce. Na biyu ma haka. A na uku na waiwaya na dubi Bermon, yana riƙe da sandar gaba ta dama cikin farar riga. Tofar da yawu kawai ya yi. Babu mai wata wuta a hannu sai ta kyandir.

Da muka sha kwanar rijiya sai na hango mutum huɗu tsaye a ƙofar Marsal, kawunansu a sama. Gaspar masaƙi ne, dattijon Hugeno, da wasu uku. Sun zo yin addu'a a gidan ne suka tarar da zanen. Gaspar yana buga ƙofa da sandarsa.

"Marsal, fito ka ga kwalliyar gidanka."

Marsal ya fito, ya bi idonsu da kallo. Ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba sai ran nan.

"Baba Gaspar, Allah ya sani ban san da shi ba."

"In ba ka san da shi ba, sauke."

"Ga su nan sun iso. Bari su wuce tukuna."

"Su wuce a ƙarƙashinsa? Gobe a ce gidan da muke addu'a ya yi wa gunki ado?"

"Ko dai matarka ta fara kewar turaren coci?" ɗaya daga cikin ukun ya ce.

Wannan maganar ce ta hau da shi kan gangar. Ina tsaye taku goma daga wurin, kwando a hannu. Da na ce ni ce, da na ce ya bari akwai ƙulli, wataƙila da ya tsaya. 'Yan matan da ke bayana suna ture ni, ƙararrawar jerin tana matsowa.

Ya cire kusurwar farko, ya cire tsakiya. Ta uku ta ƙi. Ya taɓa ƙullin da yatsa, ya waiwaya ya ga laima ta iso, sai ya kama zanen da hannu biyu ya fizga. Ƙugiyar ta fito daga bango da ɓaraguzan ƙasa. Shi ya faɗi ta baya, zanen kuwa iska ta buɗe shi ya rufto kan Bermon. Sanda ta kufce, laima ta karkata ta bugi Fada a hannu. Mazubin zinariyar da Gurasar ke ciki ya faɗi a kan dutse, gilashinsa ya fashe, Gurasar ta gangaro ta tsaya a cikin furen da na watsa.

Wurin ya yi tsit, har ina jin ƙarar ruwa a ƙarƙashin gada. Sai wata mata ta ƙwalla ihu.

Bermon ya yaye zanen daga kansa, ya ɗauki sandar laima ya sauke wa Marsal a muƙamuƙi. Na ji ƙashin ya karye. Sauran mahautan suka ɗaga fararen rigunansu, ashe kowa da wuƙarsa a ƙugu. Ɗaya daga mutanen Gaspar ya zaro gajeriyar bindiga ya harba cikin jama'a ba tare da ya duba ba. Ta samu tsoho Ponset mai sayar da kyandir a maƙogwaro, ya zauna a ƙasa yana toshe wurin da hannu, jini na fita ta tsakanin yatsunsa. Daga nan masu gadin da aka turo su raba suka juya māsu kan Hugeno. Mai bindigar suka fara sokewa, su uku, suka haɗa shi da ƙofa.

Gaspar ya yi gudu har bakin rijiya. Tsoho ne, bai yi nisa ba. Wani ya sare shi a agara, ya faɗi, mata suka rufe shi da duwatsun titi. Na san su duka. Akwai wadda muke wanki tare, akwai wadda ya saƙa wa bargon aurenta. Fada yana durƙushe yana tsince Gurasar da yatsu yana cewa ku bari, ku bari don Allah, mutane suna tsallake shi kamar kututture.

Marsal bai mutu ba tukuna. Suka kama ƙafafunsa suka ja shi zuwa gada, kansa yana bugun duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce ta gabana, idonsa a buɗe, bakinsa ya goce gefe. Ban sani ba ko ya gan ni. Suka ɗaga shi su huɗu, suka lilo shi suna ƙirgawa kamar masu loda buhu, suka saki. Ruwa ya ja baya a lokacin, duwatsu ne a ƙasa.

Wasu suka koma sama wurin gidaje ukun da muka wuce. Ina jin fasa ƙofofi, ina ganin kujeru da tukwane suna faɗowa daga tagogi. Yanzu kam an samu masu kunna wuta, da kyandir ɗin Idi.

Sai aka fito da Peirona. Mutum biyu ke jan ta ta gashi, rigarta a yage, gwiwarta na jini. Suka jefa ta gaban Bermon, daidai inda Gurasar ta faɗi.

"Durƙusa sosai," ya ce. "Ki lashi ƙasan nan, ki yi addu'ar Maryamu yadda uwarki ta koya miki. Na san kin iya."

"Ina mijina, Kawu?"

"Ya tafi wanka."

Aka yi dariya. Ta juya ta dubi gada, ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe bakinta gam. Na san wannan rufe bakin tun muna yara, ko Baba da yake raye bai taɓa buɗe shi da bulala ba. Bermon ma ya sani. Ya goge wuƙarsa a hannun riga, ya kama gashinta ya ɗaga haɓarta sama, yadda yake yi wa tumaki.

Na yi magana, ba wanda ya ji. Na yar da kwandon na kutsa tsakanin mutane har na taɓa rigarsa.

"Ita ta rataya."

"Me bebiya ta ce?"

"Ita ta rataya zanen, Kawu. Da asuba, a ɓoye, mijin bai sani ba. Na gan ta. Ku duba bakinsa, ɗinkinta ne."

Matar mai gidan burodi ta ɗago zanen daga ƙasa, duk sawun ƙafa da jini, ta lalubo bakinsa.

"Hannun Peirona ne," ta ce. "Irin furen nan ta yi min a ɗankwali."

Magana ta bi cikin jama'a. Ashe tamu ce. Ashe tilasta mata ya yi. Peirona ta juyo ta dube ni, ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, har ta fara. Ban san daga inda Inna ta fito ba. Ta faɗa kanta, ta danna fuskarta a ƙirji da dukan ƙarfinta, tana kuka da babbar murya tana cewa 'yata ta dawo, 'yata ta dawo. Ina ganin Peirona tana kokawar ƙwacewa, Inna tana ƙara matsewa.

Bermon ya mayar da wuƙar. Hawaye ne a idonsa, na gaske. Ya ɗora hannunsa mai jini a kan Peirona.

"Na san ruwan baftismar nan bai tafi a banza ba. Lahadi ni da kaina zan zo in kai ki coci, ki karɓi Gurasa a gaban kowa."

Mutum goma sha ɗaya suka mutu a ranar, biyu namu. Muka kai Peirona gida. Ta zauna a bakin gado da yagaggiyar rigarta, ba ta ci ba, ba ta sha ba. Da Inna ta kawo maganar Lahadi sai ta ce, a hankali, ba ta kallon kowa:

"Zan je. In Fada ya miƙo zan rufe baki, in faɗa musu dalili."

"Kashe ki za su yi a ƙofar coci," Inna ta ce.

"To."

Washegari na ji a bakin rijiya cewa Hugenon da suka tsira sun taru a wata rumfar ciyawa bayan injin niƙa, Asabar da sassafe za su kama hanyar Nîmes, inda mutanensu ke da ƙarfi. Na kuma ji abin da suke cewa game da Peirona. Ƙaryata ta isa can kafin ni. A wurinsu ita ce ta rataya zanen, ita ta kashe mijinta da Gaspar da sauran. Ba wanda zai ba ta ko gefen amalanke.

Da rana tsaka na ɗauki kwandon wanki na bi ta bayan gari. A rumfar akwai mata da tsofaffi kamar ashirin, wasu da ƙuna a hannu. Astruga matar Gaspar tana zaune a kan dami tana ɗaure ƙafar wata yarinya. Ta gane ni.

"Ƙanwar mayaudariya. Aiko ki aka yi ki ƙirga mu?"

"A'a, Inna Astruga."

"To me?"

Duk suka zuba min ido. Na kafa ido a kan takalmanta.

"Ba ita ba ce. Ni na rataya. Ba ta sani ba, shi ma bai sani ba. Na je na roƙe su ranar Talata suka ƙi. Jiya na ce ita ce don wuƙa tana wuyanta."

Ta gama ɗaurin da take yi, ta ƙulle, ta miƙe. Ta cire takalminta na katako ta buga min a baki. Na faɗi kan kwandon. Ta ƙara min a kafaɗa, ta ƙara a kunne, wani tsoho ya riƙe hannunta. Na tofar da jini da rabin haƙori.

"Don me?" ta ce tana haki.

"Bermon ya ce zai ƙone duk gidan da ba zane."

"Sun wuce gida uku ba su ƙone ba."

"Na gani."

"Kin gani." Ta koma ta zauna, ta mayar da takalmin. "Na ce wa Gaspar ya zauna a gida. Shekara arba'in ina ce masa ba kowane abu ne sai ya sa baki ba."

"Lahadi za a kai ta coci. Ta ce za ta ƙi karɓa."

"Ita ta faɗa?"

"Ita ta faɗa."

Astruga ta dubi sauran matan. Wata ta kau da kai, wata ta ɗaga kafaɗa.

"Ki kawo ta gobe kafin rana ta fito. A ƙasa za ta tafi, amalanke na masu rauni ne. Ke kuma kada in sake ganin fuskarki."

Da na koma gida Inna ta ga bakina ta dafe ƙirji. Na faɗa musu inda na je da abin da na ce. Da Inna ta ajiye wa Peirona burodi da miya, ta ci.

Asabar muka fito mu biyu da kwandunan wanki a ka, kamar masu zuwa kogi. A ƙasan nata akwai riga biyu da burodi da almakashinta. Dole muka bi ta gaban gidanta. Ƙofar tana kwance a titi, an watsar da kayan ɗinkin takalma ko'ina. Ba ta tsaya ba. A kan gada ma ba ta leƙa ba, ni ce na leƙa, an riga an kwashe gawar.

Amalanke biyu suna tsaye bayan injin niƙa, an ɗaura alfadarai. Ba wanda ya gaishe ta, amma wata mata ta matsa ta ba ta wuri a layi. Peirona ta sauke kwandon ta ƙulle kayanta a ɗankwali. Tun ranar Alhamis ba ta ce min ko kalma ɗaya ba. Na tsaya ina jira, ko zagi ne ma ina so.

Ta dubi fuskata.

"Leɓenki ya kumbura. Ki riƙa kurkurewa da ruwan gishiri."

"Yaya..."

"Ki ɗauki kwandon nan, na Inna ne."

Amalanke suka motsa, ta bi bayansu.

Lahadi Bermon ya zo da sabuwar riga da kyandir mai tsawo da ya saya mata. Ni na buɗe ƙofa, na ce ta tafi. Ya tambaya ina, na yi shiru, kuma ba wanda ya yi mamakin shiruna. Ya ture ni ya shiga, ya duba ƙarƙashin gado da cikin akwati, ya kife teburin Inna, ya karya kyandir ɗin a gwiwa. Shi da mahauta biyar suka hau dawakai suka bi hanya, amma mutanen sun ba su tazarar yini guda, kuma bayan tsauni ƙasar Hugeno ce. Suka dawo da yamma hannu wofi. Daga ranar mata suka daina ba mu wanki, wanda da shi muke ci, sai da muka koma tsinkar inabi a gonakin mutane.

Bayan shekara huɗu wani mai tallan allura da zare ya sauka a garinmu. Ya ce ya san wata Peirona a Nîmes, tana ɗinki a shagon wani tela, kanta duk furfura, tana sayen shuɗin zare a wurinsa. Inna ta zauna a ƙasa tana kuka tana gode wa Allah. Na bi mutumin har bakin titi na tambaye shi ko ta ba shi saƙo. Ya ɗan yi tunani. Ya ce ya faɗa mata sunan garin da zai zo, ta ce masa Allah ya kiyaye hanya.